Agogon Rarraba Ƙashin Bayan Tayi

Agogon rarraba ƙashin baya tsari ne da ke sa bayan tayi ya fito gaɓa-gaɓa a jere. Tun kafin ƙashi ya samu, wasu dunƙulen nama da ake kira somait suna ɓullowa biyu-biyu a gefen lakar tayi, daga wajen kai zuwa wutsiya. A ɗan Adam suna farawa wajen kwana 20 bayan shigar ciki, kuma adadinsu kan kai jeri 42 zuwa 44. Daga cikinsu ne ƙashin baya da haƙarƙari da tsokar jiki ke samuwa.

Tarihi

Wajen 1672 Marcello Malpighi na Italiya ya zana waɗannan dunƙule a ƙwan kaza. A 1855 Robert Remak na Jamus ya lura cewa kowace gaɓa ta ƙashin baya haɗin rabi biyu ce: rabin bayan wani somait da rabin gaban na kusa da shi. Abin da ke ƙidaya lokacin kuwa sai a 1976 aka kawo hasashensa, inda Jonathan Cooke da masanin lissafi Christopher Zeeman suka ce dole akwai agogo a cikin tantanin halitta, da kuma wata iyaka mai ja da baya a hankali. Hasashen ya yi shekara 21 babu hujja. A 1997 Isabel Palmeirim da Olivier Pourquié da abokan aikinsu suka gano wata ƙwayar gado, c-hairy1, tana kunnuwa tana mutuwa duk minti 90 a tayin kaza, daidai lokacin da somait ɗaya ke ɗauka.

Yadda yake aiki

Hanyoyin saƙo uku tsakanin tantanin halitta ke riƙe da aikin: Notch da Wnt da FGF. Ƙwayar gado Hes7 takan samar da furotin da ke dawowa ya kashe ta. Furotin ɗin ba ya daɗewa, da ya lalace sai ta sake kunnuwa. Bugun agogon ke nan. Wnt da FGF sun fi yawa a wajen wutsiya, suna hana tantani balaga, sinadarin retinoyik kuma yana tahowa daga wajen kai. Inda ƙarfin Wnt da FGF ya ragu, wato iyakar nan mai ja da baya, bugun da ya iso yakan kunna ƙwayar gado Mesp2, ita ke yanka iyakar sabon somait. Bugu ɗaya kan ɗauki kusan minti 30 a kifin zebra, awa 2 a ɓera, kusan awa 5 a ɗan Adam. Masana sun saɓa kan ko Notch cikin agogon take, ko daidaita bugun tantani da maƙwabtansa kawai take yi.

Bambancin gaɓoɓi

Agogo ƙidaya yake yi, ba ya zaɓar siffa. Wannan aikin ƙwayoyin gado na Hox ne, su 39 a rukuni huɗu a ɗan Adam da ɓera. A 2003 Deneen Wellik da Mario Capecchi suka cire ƙwayoyin Hox10 a ɓera, sai haƙarƙari ya tsiro a gaɓoɓin ƙugu. Kusan duk dabba mai shayarwa gaɓa 7 gare ta a wuya, har raƙumin dawa; ayu kuwa 6.

Cuta

Lahani a ƙwayoyin gado DLL3, MESP2, LFNG ko HES7 kan jawo haihuwar jariri da gaɓoɓi haɗaɗɗu da haƙarƙari a karkace.