Ana iya ganin ƙwayoyin cuta da madubin likita na gida?

Idan na mallaki madubin likita a gida, zan ga ƙwayoyin cuta da idona?

Za ka ga wasu, wasu kuwa ko kwana ka yi kana leƙe ba za ka gan su ba. Suna ɗaya muka haɗa su a ciki, amma girmansu ya sha bamban ƙwarai. Ana auna su da maikiromita, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita. Kaurin silin gashin mutum kusan maikiromita 70 ne. Jar ƙwayar jini 7 zuwa 8. Galibin bakteriya ba su wuce 1 zuwa 2 ba, bairas ɗin mura kuwa kusan 0.1 ne kacal. Duk madubin da ke aiki da haske yana da iyakar da ba ya tsallakewa, kusan maikiromita 0.2, kuma tun 1873 wani Bajamushe mai suna Ernst Abbe ya bayyana cewa yanayin hasken kansa ne ya jawo haka. Saboda haka bakteriya na cikin abin da za ka iya gani. Bairas sai madubin lantarki mai aiki da ilektiron a maimakon haske, irin wanda aka fara ƙerawa a 1931, wanda ba kayan ajiyewa a ɗaki ba ne.

To, kwalin da aka rubuta yana ƙara girma sau 2,000 fa?

Kada lambar ta ruɗe ka. Ƙara girma daban, fito da abu sarai daban. Da an zarce kamar sau 1,000, dishi-dishin ne kawai yake ƙara faɗi. Madubi mai gilasai nagari da ke tsayawa a sau 400 ya fi na roba mai cika baki amfani nesa ba kusa ba. Idan bakteriya kake son gani da kyau, nemi mai gilashin da ke ƙara girma sau 100, wanda ake ɗiga wa mai na musamman tsakaninsa da abin da ake dubawa. Shi da gilashin da ake leƙawa ta cikinsa, mai ƙara girma sau 10, suke ba da sau 1,000.

Me zan fara dubawa?

Ɗigon ruwan kududdufi. A sau 100 ma za ka ga wasu halittu masu siffar tafin takalmi suna wulƙawa, suna juyi, suna karo da ɓurɓushin ganye su koma da baya. Daga nan ka kankaro ɗan farin dattin da ke gindin haƙoranka, ka dama shi da ɗigon ruwa a kan ɗan gilashin da ake ɗora abin dubawa, ka rufe da wani siririn gilashi, ka rage haske. A sau 400 wasu ɗige-ɗige da ƴan sanduna za su bayyana suna ɓari a wuri ɗaya, jefi-jefi wani ya ratsa da gudu. Abin da Antonie van Leeuwenhoek, ɗan kasuwar yadi a garin Delft na ƙasar Holan, ya gani ke nan a 1683, da gilashi guda ɗaya tak da ya gyara da hannunsa. Wannan kallo na farko ba ya fita daga ran mutum. Idan ka busar da dattin haƙorin ka ɗiga shuɗin rinin methylene, siffarsu za ta ƙara fitowa, domin bakteriya kusan ba su da launi.

Idan na gan su, zan gane wacce ce mai sa cuta?

A'a, kuma nan ne mutane suka fi yin kuskure. Abin da madubi zai nuna maka siffa ce: mai dunƙule, mai sanda, mai murɗe. Dubban ire-iren bakteriya ne ke tarayya a waɗannan siffofi uku. Dubi E. coli. Akwai wadda take zaune lafiya a hanjin kowannenmu, akwai kuma irin O157:H7 mai sa gudawa da jini har ta taɓa ƙoda. A ƙarƙashin madubi kamar an tsaga kara suke. Ko rinin da Hans Christian Gram ya fito da shi a 1884, wanda har yau ake aiki da shi, gida biyu kawai yake raba su: masu riƙe launin shunayya da masu komawa ja-ja. Kafin ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ya ambaci sunan ƙwayar, sai ya rene ta, ya ga abin da take ci, ya jarraba magunguna a kanta, wani lokaci har ya binciki ƙwayoyin halittarta.

Akwai kuma ɗaya gefen da ya fi damuna. Mutum ya duba ɗigon ruwa bai ga komai ba, sai ya ce ruwan mai tsabta ne. Ɗigo ɗaya bai isa shaida ba. Ruwa na iya ɗauke da abin da zai kwantar da mutum alhali gilashin ya nuna fes.

Amma ai da madubi ake gano zazzaɓin cizon sauro?

Haka ne, da shi Alphonse Laveran ya fara ganin ƙwayar a jinin maras lafiya a Aljeriya a 1880. Sai dai aikin na buƙatar rinin Giemsa, da ƙarin girma sau 1,000, da idon da ya sha horo. Sabon hannu yakan ɗauki guntun datti ko ragowar rini a matsayin ƙwayar, ko ya wuce ta bai lura ba. Mai zazzaɓi asibiti zai nufa a yi masa gwaji.

Akwai haɗari a wannan sha'awa?

Duba ruwan kududdufi ko dattin haƙorinka ba wani abin tsoro ba ne, muddin ka wanke hannu da gilasan bayan ka gama. Abin da nake roƙo a guje wa shi ne renon ƙwayoyi a faranti a gida. Ƴan ƙalilan da ka shafo daga marfin ƙofa za su zama miliyoyi cikin kwana ɗaya ko biyu, kai kuma ba ka san ko su wane ne ba. Haka nan jini ko majina ko bayan gidan maras lafiya, a bar wa masu safar hannu da kayan aikin. Mai son ya ga yadda ƙwayar tarin fuka ko ta kwalara take, ana sayar da gilasan da aka riga aka kashe ƙwayoyin, aka rina su, aka liƙe, kuma hotonsu ya fi duk wanda zai iya haɗawa da kansa fitowa.