Waiwaye: yadda aka daɗe ana haska yara da awon manya

Tsakanin shekarun 1930 da 1950, idan uwa ta kai ɗanta sayen takalmi a manyan kantunan Amurka ko Ingila, takan tarar da wani akwatin katako. Yaro ya zura ƙafa a ciki, ita da mai kanti su leƙa ta sama, su ga ƙasusuwan yatsunsa suna motsi cikin takalmin. Hasken eksire ne, kuma abin wasa aka ɗauke shi. A asibiti ma haka abin yake. An riƙa haska ƙirjin jarirai don a rage girman wata tsoka da ake zaton tana shaƙe su, an kuma haska kawunan yara masu makero don gashi ya zube. Sai bayan shekaru sankarar maƙogwaro da ta ƙwaƙwalwa suka fara ɓulla a jikin wasunsu.

Tun bayan da Wilhelm Röntgen ya gano wannan haske a Jamus a 1895 aka san yana ƙona fata idan ya yi yawa. Abin da aka daɗe ba a yarda da shi ba shi ne ɗan kaɗan ɗin ma yana barin tabo. A 1956 wata likita a Oxford, Alice Stewart, ta nuna cewa yaran da aka yi wa iyayensu mata eksire suna da cikinsu sun kusan ninka saura wajen kamuwa da sankara. Manyan fannin suka ƙi sauraronta, aka yi fiye da shekara ashirin kafin a daina haska masu ciki barkatai.

Dalilin raunin yaro a fili yake. Jikinsa na kan girma, ƙwayoyin halittarsa na rarrabuwa da sauri, ga shekaru masu yawa a gabansa da cutar za ta iya fakewa kafin ta bayyana.

Na'urar CT, mai ɗaukar hoton cikin jiki yanki-yanki da hasken eksire, wadda aka fara gwadawa kan majiyyaci a Landan a 1971, ta ceci rayuka ba adadi, amma haskenta ya fi na eksire na yau da kullum nesa ba kusa ba. A 2001 wasu bincike da aka buga a Amurka suka tona cewa asibitoci da dama na ɗaukar hoton yara ba tare da sun rage saitin da ake yi wa babban mutum ba. Ba mugunta ba ce. A tsohon fim na eksire, idan haske ya yi yawa hoton baƙi yake yi, ma'aikaci ya gane kurensa nan take. A CT kuwa sai hoton ya ƙara kyau, to wa zai yi ƙorafi?

Akwai kuma aikin da likita ke yi yana kallon cikin jiki kai tsaye a allo, kamar zura siririn bututu ta jijiya don toshe hujin zuciyar jariri. Nan hasken kan ɗauki mintuna a kunne. Tun 1994 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗi kan ƙunar fata da ake samu daga irin waɗannan ayyuka. A 2008 ƙungiyoyin likitocin hoto suka ƙaddamar da gangamin Image Gently, a 2009 suka ƙara ɓangare na musamman kan aikin da ake yi ana kallon cikin jiki a allo. Shawarwarin ba su da tsada: a saita na'ura gwargwadon nauyin yaro, a matse hasken kan gaɓar da ake nema kawai, a sa shi ya riƙa ƙiftawa maimakon kwarara, likita ya ɗaga ƙafa daga fedar da ke kunna hasken ya yi nazarin hoton ƙarshe da ya tsaya a allo. Inda sikanin sauti ko MRI, wato hoton da ake ɗauka da maganaɗisu, zai wadatar, a yi shi, don ba su da wannan haske.

A 2012 mujallar Lancet ta buga binciken Birtaniya kan yara da matasa kusan 180,000. Ya nuna cewa tarin hasken CT na miligire (ma'aunin hasken da jiki ya sha) 50 zuwa 60 na iya ninka haɗarin sankarar jini da ƙari a ƙwaƙwalwa sau uku. Lissafin ya tsorata iyaye, sai dai a zahiri ƙaruwar ba ta wuce kusan mutum ɗaya na kowace cutar ba cikin yara 10,000 'yan ƙasa da shekara goma da aka yi wa hoton CT na kai. A ganina yaron da mota ta buge, ana zargin jini na zuba a kansa, hana shi CT shi ne babban ganganci.

Afirka ta kafa nata gangamin, AFROSAFE, a Nairobi a 2015. A Najeriya hukumar kula da harkokin nukiliya, NNRA, wadda ta fara aiki a 2001, ita ke ba da lasisi da duba na'urorin. Amma wani abin yana hannun iyaye: yaro a yi masa hoto a wannan asibiti, a tura shi wancan, takarda ta ɓace, a sake daga farko. Uwar da ta adana hotunan ɗanta a jaka ta miƙa wa likita na gaba, sau da yawa ta hutar da shi shiga na'ura karo na biyu.