Kumburin ƙwaƙwalwa bayan shanyewar ɓarin jiki ta toshewar jijiya

Kumburin ƙwaƙwalwa na cikin abubuwan da suka fi kisa a makon farko bayan shanyewar ɓarin jiki irin wadda toshewar jijiyar jini ke kawowa. Yana tasowa ne idan gudan jini ya toshe babbar jijiya, galibi jijiyar tsakiya da likitoci ke kira MCA, ko babbar jijiyar wuya da ke ba ta jini, har yanki mai faɗi na ƙwaƙwalwa ya mutu. Waɗanda abin ke kaiwa haka ba su wuce mutum 1 cikin 10 na masu wannan shanyewa ba, amma idan ya zo ba ya zuwa da wasa. A 1996 Werner Hacke da abokan aikinsa a Heidelberg ta Jamus sun bayyana majinyata 55 masu wannan matsala, 43 daga cikinsu suka rasu duk da kulawa ta musamman da aka ba su.

Yadda kumburin ke tasowa

Idan jini ya yanke, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sun rasa ƙarfin da suke fitar da sinadarin sodiyam da shi. Sai sodiyam ya taru a cikinsu, ruwa ya bi shi, su kumbura. Daga baya bangon ƙananan jijiyoyi ya fara yoyo, ruwa daga jini ya malala cikin naman da ya mutu. Da a ƙafa ne da fata ta buɗa masa wuri, amma ƙoƙon kai ƙashi ne rufaffe. Saboda haka ɓangaren da ya kumbura sai ya tura lafiyayyen ɓangaren gefe, sannan ya danno ƙasa kan tushen ƙwaƙwalwa, inda ake sarrafa numfashi da farkawa. Kumburin kan kai ƙololuwa tsakanin kwana na 2 da na 5, ko da yake wasu tun a yinin farko suke rikicewa.

Wa ya kamata a sa wa ido

Akwai alamun da ke nuna haɗari tun ranar farko: makin NIHSS, ma'aunin tsananin shanyewa da ke tashi daga 0 zuwa 42, ya haura 15 idan ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa ne ya taɓu, ko ya haura 20 idan na hagu ne mai riƙe da magana, idanu sun karkata gefe guda, tashin zuciya da amai, hoton ƙwaƙwalwa na CT ya nuna fiye da rabin yankin da jijiyar ke ba jini ya dusashe, ko hoton MRI ya nuna girman abin da ya mutu ya zarce mililita 145. Masu ƙarancin shekaru sun fi shiga haɗari, domin ƙwaƙwalwar tsoho ta ɗan motse, ta bar sarari a cikin ƙoƙo.

Alamar da ta fi kowace muhimmanci ita ce gyangyaɗi. Wanda jiya yake buɗe ido da an kira sunansa, yau sai an girgiza kafaɗarsa, gobe ko an tsunkule shi sai dai ya yi nishi. A nan masu jinya kan yi kuskure, su ce ya samu barci, a bar shi ya huta. Buɗewar baƙin ido ɗaya da ƙin motsinsa idan an haska tocila alama ce ta ƙarshe-ƙarshe, wanda ya jira ta kafin ya kira likitan tiyata ya makara. Don haka ake duba farkawar irin wannan majinyaci da idanunsa kowace awa, dare da rana, kuma da an ga sauyi a sake ɗaukar hoton CT.

Buɗe jijiya da kulawar kwanakin farko

Babu rigakafin kumburi kamar a buɗe jijiyar da wuri. Cikin awa 4 da rabi daga farawar shanyewar ana ba da maganin narkar da gudan jini ta jijiya: alteplase, miligiram 0.9 ga kowane kilo, kada ya wuce 90, kashi 10 cikin 100 a tura a minti ɗaya, saura a cikin awa guda; ko tenecteplase, miligiram 0.25 ga kowane kilo, iyaka 25. Zaro gudan jinin da siririn bututu kuwa ana yin sa cikin awa 6, har zuwa 24 ga waɗanda hoto ya nuna sun cancanta. Duka biyun sai hoto ya tabbatar ba fashewar jijiya ba ce.

Sauran kulawar ƙananan abubuwa ne, amma a kansu aka fi yin tuntuɓe. Ana ɗaga kan gado kamar digiri 30, wuya a miƙe, don jini ya riƙa sauka daga kai. Ƙarin ruwa kuwa na gishiri ne mai kashi 0.9. Ruwan suga zalla mai kashi 5 ba ya cikin lissafi, domin jiki na ƙone sugan ya bar tsurar ruwa, shi kuma ya tafi ya ƙara kumburin. Ana riƙe sugan jini tsakanin miligiram 140 da 180 a kowane desilita, a sauke zazzaɓin da ya haura digiri 38 tare da neman sanadinsa, iskar oksijin kada ta sauka ƙasa da kashi 94. Ba a gaggawar karya hawan jini: ga wanda bai karɓi maganin narkar da gudan jini ba, ana ƙyale shi matuƙar bai haura 220 bisa 120 ba, saboda yankin da ke tsakanin rai da mutuwa da wannan matsin yake samun ɗan jinin da ke riƙe shi. Wanda ya karɓi maganin kuwa ana tsare nasa ƙasa da 180 bisa 105 na awa 24. Ba a ɗura wa majinyaci ruwa ko kunu sai an gwada haɗiyarsa, don sarƙewa ɗaya na iya jawo ciwon huhu.

Idan majinyaci ya fara nutsewa cikin suma, ana ba da manitol mai kashi 20, giram 0.5 zuwa 1 ga kowane kilo, ko ruwan gishiri mai kauri na kashi 3, don su janyo ruwa daga ƙwaƙwalwa. Manitol na sa fitsari mai yawa, yana iya busar da jiki ya taɓa ƙoda, shi ya sa ake auna gishirin jini a kai a kai. Amfaninsu na 'yan awoyi ne, su riƙe mutum kafin a kai shi ɗakin tiyata, ba a kuma ba da su tun kumburi bai bayyana ba. Magungunan sitiroyid irin su deksametason, da ke aiki a kumburin da tsiro a ƙwaƙwalwa ke kawowa, ba su nuna amfani a nan ba. Haka ma sanyaya jiki da gangan.

Tiyatar cire ɓangaren ƙoƙo

Likita na yanka fatar kai a gefen da ya taɓu, ya cire faifan ƙashi da faɗinsa bai gaza santimita 12 ba, ya gangara da yankan har ƙasa wajen gaban kunne. Sai ya tsaga kakkauran tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, ya yi masa ƙari da wani tantanin, ya mayar da fata ya ɗinke. Ƙwaƙwalwa sai ta kumburo waje maimakon ta danne tushenta. Idan ramin ya yi ƙanƙanta, ɓarna ake ƙarawa: naman na kutsowa ta ƙaramar kafa, bakin ƙashi ya shaƙe jijiyoyinsa, jini ya zuba. Ƙashin da aka cire ana daskarar da shi ko a adana shi ƙarƙashin fatar cikin majinyacin, a mayar bayan makonni ko 'yan watanni, ko a sa na roba ko ƙarfen taitaniyam. Kafin nan yana sa hular kariya idan zai tashi, kuma ba a kwantar da shi ta wannan gefen. Ƙwayoyin cuta na iya shiga wurin, ruwa na iya taruwa, wani kuma fatar ta lotsa ciki har ƙarfinsa ya ja baya sai an mayar da ƙashin.

Hujjar wannan tiyata ta fito ne daga gwaje-gwaje uku, DECIMAL a Faransa, DESTINY a Jamus da HAMLET a Holan. Da aka haɗa sakamakon majinyata 93 a 2007, masu shekara 18 zuwa 60 da aka shigar gwajin cikin awa 48 daga farawar shanyewar, kashi 78 na waɗanda aka yi wa tiyata sun rayu, kashi 29 kacal a ɗaya rukunin da ba a yi wa tiyata ba. Waɗanda suka kai ga tafiya da ƙafarsu ba tare da an riƙe su ba kashi 43 ne, a ɗaya rukunin 21. Ga waɗanda suka haura 60, gwajin DESTINY II na 2014 ya nuna mace-mace ta ragu daga kashi 70 zuwa 33, amma kusan duk waɗanda suka rayu sun zama sai an yi musu hidimar yau da kullum. Tiyatar ba ta raya naman da ya mutu. Wannan magana ya kamata likita ya zauna da iyali ya faɗa musu ƙarara tun ranar farko, a kuma tambaye su abin da shi majinyacin zai zaɓa. Asibitin da ba shi da likitan tiyatar ƙwaƙwalwa kuwa, ya tura majinyacin tun yana magana.

Idan a ƙeya ne

Shanyewar ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke ƙeya na da nata salon. Takan zo da jiri, amai da tangaɗi, ba tare da hannu ko ƙafa sun mutu ba, har a ɗauka ciwon kunne ne. Wurin matsattse ne, kumburi kaɗan ya isa ya toshe hanyar ruwan ƙwaƙwalwa ya danne tushenta. Ana sa bututun zuƙe ruwan, a kuma cire ƙashin ƙeya idan matsin bai sauka ba; zuƙe ruwa shi kaɗai na iya sa naman ya turo sama. Waɗanda aka yi wa aikin kafin su shiga dogon suma, da yawansu kan koma tafiya da ƙafarsu.