Dogayen kalmomin gabatar da 'yan wasa a gidajen nishaɗin Ingila

A gidajen nishaɗi na Birtaniya da ake kira music hall, waɗanda suka bunƙasa tun daga shekarun 1850, a da akwai mutumin da ke zama kusa da dandamali riƙe da 'yar gudumar katako. Shi ne shugaban zama. Aikinsa ya yi kama da na sanƙira: ya tsawatar wa 'yan kallo, ya zuga mai wasa na gaba, sannan ya kira sunansa. Salon yin wannan zuga da dogayen tsofaffin kalmomi ya fi shahara a bakin Leonard Sachs (1909 zuwa 1990), ɗan wasan kwaikwayo haifaffen Afirka ta Kudu, wanda ya jagoranci shirin talabijin na BBC mai suna The Good Old Days. An yi shirin daga 1953 zuwa 1983 a zauren City Varieties da ke birnin Leeds, 'yan kallo sanye da tufafin zamanin da, kuma duk sanda Sachs ya saki wata jibgegiyar kalma sai zauren ya ɗauki sowa.

Irin waɗannan kalmomi suna da suna, sesquipedalian, daga furucin mawaƙin Rum Horace a kan kalmomi masu tsawon ƙafa ɗaya da rabi. Yawancinsu daga Latin da Girkanci suka fito. Mai tafiya a kan igiya shi ne funambulist, daga funis, igiya, da ambulare, tafiya. Mai sa 'yar tsana magana ba tare da motsa leɓe ba ventriloquist ne, wato mai magana daga tumbi. Rufa ido da saurin yatsu prestidigitation ne, abin da ya shafi rawa kuma terpsichorean, daga sunan Terpsichore, allahiyar rawa a tatsuniyoyin Girkawa.

Mai neman irin waɗannan kalmomi yakan fara da kalmar yau da kullum ta wasan, ya duba ta a kundin kalmomi masu kusancin ma'ana, kamar wanda Peter Mark Roget ya fitar a 1852. Daga nan ya kai abin da ya tsinta ga babban ƙamus na Oxford, domin shi ke nuna asalin kalma da kuma ko an daina amfani da ita. Ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755 ma rumbu ne na kalmomin Latin da aka yi wa rigar Turanci. Tsallake tantancewar ƙamus shi ke jawo a yabi mawaƙiya da kalmar da a zahiri zagi ce.

Samun kalmar ba shi ne wuyar aikin ba, jera ta ne. Ana zaɓen kalmomin da suka fara da sauti ɗaya, a sa gajeru a gaba, mafi tsawo a baya, a ɗan dakata don jama'a su yi sowa, sunan mai wasa ya zo ƙarshe tare da bugun guduma. Dole a san gaɓar da ake ƙarfafawa: prestidigitation gaɓa shida ce, nauyinta a ta biyar, in aka ɗora shi a wani wuri harshe ya harɗe.

Abin da ya fi ɓata gabatarwa shi ne kalmar da babu wanda zai iya hasashen ma'anarta. Dariyar tana zuwa ne idan mai sauraro ya gane cewa duk wannan kirari a kan mai jefa ƙwallaye uku sama ne. Akwai kuma kalmomin da sautinsu ke yaudara, kamar pulchritude, wadda ke nufin kyau amma a kunne kamar muni. Gabatarwar da ta yi tsawo fiye da numfashi biyu ko uku kuwa takan cinye tafin da aka tanadar wa mai wasan.