Gyaran fatar kan sandar sinuka: tambayoyi da amsoshi

Me ya sa sai an yi wa fatar doro? Ba za a bar ta a shafe yadda ta zo ba?

Saboda farar ƙwallo zagayayyiya ce, kuma ba kullum a tsakiyarta ake buga ta ba. Mai son ta dawo baya ƙasa yake buga ta, mai son ta bi gaba ya buga sama, mai son ta murɗe ya buga gefe. Idan fatar a shafe take, da zarar an kauce daga tsakiya bakin gefenta ne kaɗai ke taɓa ƙwallo, shi kuwa ba ya riƙe alli sosai, sai sanda ta zame da wata ƙara mara daɗi. Doron yana sa ko ta ina aka kusanci ƙwallon a samu wajen fata mai alli da zai kama ta.

Yaya girman doron ya kamata ya kasance?

Yawancin sandunan sinuka faɗin kansu milimita 9 zuwa 10 ne, 9.5 ya fi yawa, ƙwallon kuma milimita 52.5. A kan fata mai wannan faɗin, tsakiyar ta ɗara gefen da kamar milimita 1 zuwa 1.5. Ka ɗaga sandar daidai idonka ka fuskanci haske: abin da kake so ka gani lanƙwasa ce mai santsi kamar ƙubba, babu tsini a sama, babu ɓangaren da ya fi wani tudu. Ka juya sandar a hankali kana kallo, don karkataccen doro ba ya nuna kansa ta fuska ɗaya.

Akwai masu son ya fi haka tashi don suna yawan murɗa ƙwallo. Ba laifi, amma idan ya yi tsini, kuskuren hannu kaɗan zai sa farar ta ɗauki juyin da ba ka nufa ba, fatar ma ta cinye da wuri. Ga mai koyo, matsakaicin doro ya fi alheri nesa ba kusa ba.

Waɗanne kaya ake bukata?

Samfefa mai lamba 180 ko 240 don fitar da siffa, mai 400 zuwa 600 don gamawa, sabuwar reza mai kaifi, salatif na takarda, da ɗan guntun fata. Ana sayar da wani ƙarfe mai kwarmi da aka yi don wannan aikin, amma tsinken samfefa mai faɗin yatsa da aka naɗe a kan ɗan lebur ɗin katako ya wadatar.

To yaya ake yin aikin?

Fara da naɗe zoben tagullar da ke ƙarƙashin fatar da salatif. Mutane da yawa suna tsallake wannan, kuma shi ya sa ake ganin sanduna da zobensu ya sirance ya yi zane-zane. Tagullar da samfefa ta ci ba ta dawowa.

Idan sabuwar fata ce, ana sa wadda ta ɗan fi zoben faɗi, misali mai milimita 10 a kan zobe mai 9.5. Bayan gam ya kama sosai, kifa sandar kanta a ƙasa bisa katako, ka jingina rezar da jikin zoben, ka riƙa sare abin da ya fito kaɗan-kaɗan zuwa ƙasa kana juya sandar, har gefen fatar ya yi daidai da zoben. Kada ka yanka daga ƙasa zuwa sama, za ka ɗaga fatar daga gam.

Sannan ka tsayar da sandar, gindinta a ƙasa. Ɗora samfefar a tsakiyar fatar ka ja ta waje kana gangarawa, ka ɗaga hannu, ka ɗan juya sandar, ka sake. Hanya ɗaya kawai: daga tsakiya zuwa gefe. Goga gaba da baya yana tayar da zaren fatar, ta yi buzu-buzu ta yi laushi. Bayan kowane zagaye biyu ka tsaya ka duba a haske. Aikin bai kai na ƙarfi ba, nauyin yatsu ya isa, kuma gefen ne ke bukatar ci fiye da tsakiya.

Daga ƙarshe ka ɗan jiƙa yatsa ka shafa gefen fatar kawai, ka murza shi da guntun fata har ya yi duhu ya yi sheƙi. Wannan ke taurara gefen ya hana shi bajewa. Saman kuwa ba a so ya yi sheƙi ko kaɗan, a bar shi da ɗan kaushinsa don ya sha alli.

Duk fatu iri ɗaya ake yi musu?

A'a. Irin su Elk Master da Blue Diamond fata ce guda da aka matse, suna da laushi, suna karɓar samfefa cikin sauƙi, amma suna zama su baje bayan an fara wasa da su. Irin su Kamui da Talisman kuwa siraran fatu ne aka jera hawa-hawa aka manne. Sun fi riƙe siffarsu, sai dai ba sa yafe ganganci: reza mara kaifi, ko samfefa mai kaushi da aka ja zuwa sama, na iya raba hawan, kuma da ya rabu fatar ta tashi aiki.

Na gyara ta jiya, yau kuma ta yi leɓe ta zarce zoben. Me ya faru?

Sabuwar fata ce ke zama, duka yana matse ta tana buɗewa ta gefe. Ka sake kifa sandar ka sare leɓen, ka maido doron, ka murza gefen. Sau ɗaya ko biyu za ta yi haka sannan ta tsaya. Wasu 'yan wasa suna barin ɗan leɓen da gangan, amma idan ya yi yawa yana tsagewa, kuma yana ruɗa ido wajen saiti.

Idan saman ya yi santsi alli ba ya kamawa fa?

Ba sabuwar siffa yake nema ba. Ka danna samfefa a kai kana mirgina ta ba tare da ja ba, saman zai buɗe. Sannan ka lura da yadda kake sa alli: shafa shi ake yi a kan fatar, ba a huda shi da sanda. Allin da ya yi rami mai zurfi gefen fatar da zoben yake ci, tsakiyar kuma ta tashi babu komai.

Yaushe za a daina gyara a canza ta?

Idan miƙaƙƙen gefen da ya rage tsakanin zoben da farkon doron ya kusa milimita 1, ko fatar ta tsage, ko ta taurare har bugun yana ƙara kamar ƙarfe ya taɓa ƙwallo. A nan duka ya fara isa ga zoben kai tsaye, yana iya zana ƙwallon ko ya tsaga katakon da ke cikinsa. Kuma kada a canza ana gobe gasa, don sabuwar fata tana son 'yan sa'o'in wasa kafin ta zauna.