Ma'anar hatirik da tarihin Fred Spofforth

Idan ɗan wasa ya ci ƙwallo uku a wasa ɗaya, gidan kallo kan ɗauka da "hatirik", ko "uku rigis". Amma kalmar ba a filin ƙwallon ƙafa aka haife ta ba. Daga wasan kurket ta fito, kuma a can sharaɗinta ya fi tsauri.

A kurket, mai jifa yana wurga ƙwallo ga mai sanda, wanda ke tsare wasu itatuwa uku da aka kafa a bayansa. Idan ƙwallon ta tuge itatuwan, ko aka cafe ta a sama bayan ya doka, an fitar da shi. Hatirik shi ne mai jifa ya fitar da mutum uku da jifa uku a jere, ba tsallake ko ɗaya. A 1858, H. H. Stephenson ya yi hakan a Sheffield ta Ingila, 'yan kallo suka yi karo-karo suka saya masa hula. Daga hular nan sunan ya samo asali.

Wanda ya fara yin sa a wasan ƙasa da ƙasa shi ne Fred Spofforth, ɗan Ostireliya da aka haifa a Sydney a 1853. Dogo ne siriri, ana masa laƙabi da "Aljani" saboda yadda masu sanda ke shakkarsa. A Janairun 1879, a Melbourne, ya fitar da Royle da MacKinnon da Emmett na Ingila a jere, aka tashi wasan ya fitar da mutum 13 jimilla a zagaye biyu. Ba ƙarfi kaɗai ya dogara da shi ba. Yakan sauya saurin jifa ba tare da hannunsa ya nuna ba, yana kuma nazarin raunin kowane abokin karawa. A ganina wannan basirar ta fi hatirik ɗin kansa cancantar yabo, domin ita ta kayar da Ingila a filin Oval na Landan a 1882. Ranar maki 85 kacal 'yan Ingila suke nema su ci wasan, ya fitar da mutum 7 a zagayen ƙarshe, suka sha kaye da ratar maki 7.

Wasan ƙasa 18 ya buga, ya fitar da mutum 94. Daga baya ya koma Ingila ya kama cinikin ganyen shayi, a can ya rasu a 1926.