Katin intanet ya ƙi aiki a FreeBSD: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Duk wanda ya ɗora FreeBSD, tsarin sarrafa kwamfuta irin su Windows, a kan laftof ɗin gwanjo a nan Sakkwato, tambayoyinsa ba sa wuce waɗannan. A karanta kafin a zo min shago.

Na gama ɗorawa, Wi-Fi ya ɓace. Katin ya ƙone ne?

Jiya yana aiki da Windows, yau ya ƙone? Lafiyarsa ƙalau. Direba, wato manhajar da ke sa kati aiki, ne bai kama shi ba.

HP ce kwamfutata, wane direba zan sa?

Sunan HP bai gaya min komai ba, malam. Laftof biyu samfuri ɗaya, sai ka tarar wannan da katin Intel, waccan da Broadcom. Buga `pciconf -lv` ka nemo layin katin. In ya fara da `none`, babu direban da ya karɓe shi. In na USB ne, `usbconfig`. Kada ka turo min hoton bayan kwamfuta.

Na ga iwm0, wato katin Intel, a dmesg (saƙonnin tsarin), amma ifconfig mai jera katunan intanet bai nuna shi ba.

Kwantar da hankalinka, ka kusa. FreeBSD ba ya nuna katin Wi-Fi sai ka ƙirƙira masa wlan0. A `/etc/rc.conf` rubuta `wlans_iwm0="wlan0"` da `ifconfig_wlan0="WPA SYNCDHCP"`, sunan Wi-Fi da kalmar sirri kuma su tafi `/etc/wpa_supplicant.conf`.

Zan iya amfani da direban Windows?

A'a. Da akwai wata dabara mai suna ndis, an cire ta a FreeBSD 14.0 da ya fito a 2023.

Katin kebul ɗin intanet na Realtek yana aiki, sai ya yanke, dmesg na cewa "re0: watchdog timeout". Mene ne?

To, nan ba zan yi maka rantsuwa ba, don abu uku ne ke kawo wannan yankewar, kuma suna kama da juna. Mafi yawa direban `re` da ke zuwa da tsarin ne ba ya jituwa da wasu katunan 8111 da 8168, musamman in ana tura manyan fayiloli. In direban ne, fara da abu mai sauƙi: `ifconfig re0 -txcsum -rxcsum -tso`, ka bar shi ya wuni. In bai daina ba, sauke `realtek-re-kmod`, direban da kamfanin Realtek ya rubuta da kansa, ka sa `if_re_load="YES"` da `if_re_name="/boot/modules/if_re.ko"` a `/boot/loader.conf`. Wasu yana warkar musu, wasu kuma sai dai yankewar ta ragu. Ka kuma sani in ka sabunta tsarin zuwa wani sabon fitowa, direban na iya ƙin tashi sai an sake sauke wanda ya dace.

Amma kafin ka ɗora wa direba laifi, duba lokacin da abin ke faruwa. In da asuba shiru ne, sai bayan azahar a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, to buɗe kwamfutar. Sau da yawa nakan tarar fanka ta toshe da ƙurar hunturu, ta yi tauri kamar audugar katifa. Na uku kuma wayar kebul ɗin intanet ce: ɗan harshen robar nan na kanta ya karye, iska kaɗan ta motsa ta. Canja waya kafin ka taɓa komai, ita ce mafi arha. Kuma don Allah, gyara ɗaya a lokaci ɗaya. In ka yi ukun tare ya warke, ni da kai ba wanda zai san abin da ya yi magani.

Ba ni da intanet, ta yaya zan sauke direban?

Wayarka ta Android. Jona ta da kebul, kunna raba intanet ta USB, buga `kldload if_urndis`, sannan `dhclient ue0`. Data kaɗan zai ci.

Broadcom ne nawa fa?

Tsofaffi ƙalilan ne ke aiki da direban bwn ko bwi. Sauran, cire shi ka sa na Intel ko Atheros. Sai dai wasu tsofaffin ThinkPad da HP ba sa tashi in sun ga baƙon kati, don haka gwada a gaban mai sayarwa kafin ka biya. Na USB ma haka: TP-Link TL-WN722N fitowar farko Atheros ne a ciki, ta biyu Realtek, suna ɗaya. Karanta lambar fitowar a jikin kwalin.